Na Bar Kalambaina, Yaya

Zuwa ga yayana, Kyaftin Bello, barikin soja, Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Ƙofar Atiku sai godiya.

Telgiram ɗinka ya iso ranar Talata. Ka ce kada in kuskura in ajiye aiki sai ka zo. Yaya, na riga na ajiye. Yau kwana goma sha biyu ina koyar da 'yan aji huɗu a firamaren da ke bayan masallacin unguwarmu, kuma ba zan koma Kalambaina ba. Ni ƙanenka ne, ba kurtunka ba. Ka zauna ka ji dalili.

Ban manta kai ka samo mini aikin akawun sito a kamfanin siminti na Kalambaina ba. Na san darajarsa. Yanzu da ake gini ko'ina, 'yan kwangilar da ba su taɓa sanin sunana ba suke tsayar da mota su gaishe ni. Kawu ya ce na yi hauka, wai kowa na gudu wajen kuɗi ni ina gudu wajen alli. Na kuma san ka buga wa shugabana, Mista Bitrus, tarho, shi ya sa takardata ta ajiye aiki ta kwana huɗu cikin aljihun teburinsa. Da na gaya masa abin da zan gaya maka yanzu, sai ya ɗauki biro ya sa hannu. Ya ce shi ma mahaifiyarsa tana Zuru, rabonsa da ita tun Kirsimetin bara.

Shekara uku ina hawa keke da an sallame asuba, ina kauce wa tifofi a gefen hanya, ba na dawowa sai magariba ta wuce. Mahaifinmu, Malam, a duhu nake barinsa, a duhu nake tarar da shi. In durƙusa in gaishe shi, ya sa mini albarka, in shige ciki in faɗi kamar buhu. Matata ta taɓa ce mini Malam ya fara lalube kafin ya sami buta. Na ce tsufa ne, na juya na yi barci.

Wata Laraba zazzaɓi ya kama ni, aka sallame ni da wuri. Na iso bayan la'asar, na tarar da zaure cike da ɗaliban Malam, magidantan nan da ka sani. Alhaji Sambo tela yana biya karatunsa na fikihu, Malam yana fassara, yana gyara masa, bai yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Na zauna kusa da shi. Yaya, littafin da ke hannun Malam a juye yake, ƙasa a sama. Yana buɗe shafi, yana bin layi da yatsa.

Mutum tara ne a zauren, duk suna gani, babu wanda ya ɗaga kai.

Bayan an tashi Alhaji Sambo ya ja ni waje. Ya ce wata huɗu ke nan, sun haɗa baki ba za su nuna sun gane ba. Ya ce sun so su gaya mini, amma yaushe ake ganina?

Ka sha yin ƙorafi cewa Malam ya daina amsa maka wasiƙa. Na same su, guda uku, ƙarƙashin buzunsa, ko buɗe su ba a yi ba. Ba zai ba wa baƙo ya karanta masa maganar ɗansa ba, ni kuma da ke gida ba ni nan. A ranar na karanta masa su. Da na zo inda ka ce an yi maka ƙarin girma, sai da ya sa na maimaita.

To ka gaya mini, wane albashi ne zai sa in ci gaba da kwana a gida ɗaya da mahaifina ba tare da na san ya daina gani ba?

Yanzu daga ƙofar gida zuwa aji ba ya kai ni minti biyar a ƙasa. Ina tashi kafin azahar. Mukan tafi masallaci tare, kafaɗata tana gogar tasa, yadda mai kallo zai ce hira muke yi. In akwai kwata a gaba sai in rage tafiya, shi ma ya rage. A zaure ina zama damansa, ni nake miƙa masa littafi, a daidai.

Ranar da na gaya masa na bar kamfani na ɗauka zai yi faɗa, don ka san ba ya son a raina arziki. Amma bai yi ba. Sai ya ce, "To, gobe ka taho da wuri, akwai wurin da nika son a biya man." Bai ƙara ba. Har yau bai ce mini ba ya gani ba, ni ma ban ce masa na sani ba.

Ba na zarginka, Yaya. Kai aiki ya kai ka nesa, ni kuwa ina nan kusa na kasa gani. Kai ne kake goya ni zuwa makarantar allo in ƙafata ta gaji, ban manta ba. Na san tsoron talauci kake ji mini.

In kana son taimakona, kada ka sake buga wa kowa tarho. Na kai Malam asibiti da sunan ciwon kai, likita ya ce mini yanar ido ce, kuma a Kano ana cire ta. Ni ba zai yarda in kai shi ba, zai ce ba abin da ke damunsa. Amma in kai ka zo da mota ka ce ziyara za ku, zai shiga. Ka nemi hutu. Ka zo kafin damina.

Allah ya tsare ka a bakin aikinka, ya ji ƙan Inna, ya buɗe idon Malam ya ga anini uku a kafaɗarka. Allah ya huci zuciyarka a kaina. Amin.

Ƙanenka,
Usmanu