Rigar Likita Ta Ƙi Shiga

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Kin tambayi labarin gida. Tun rasuwar Likita, Umma ba ta taɓa keken ɗinkinta ba, magana ma sai da ƙyar. Baba kuwa ya ciro farar rigar asibitin marigayi ya rataye mini a bayan ƙofa. Ya ce in bar garejin da nake koyon aiki, in sake zana jarrabawa, don gidan nan ba zai zauna babu likita ba. Duk ƙarshen mako sai ya sa na saka rigar na tsaya a falo yana kallona.

Kin san ɗan'uwanmu tun yana rarrafe Baba ke kiransa Likita, har sunansa na yanka ya ɓace. Kin kuma san sau nawa ya roƙi a bar shi ya huta kafin ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Ni dai ba zan yi likitanci ba, ko sama da ƙasa za su haɗu.

Ga wani abin mamaki. Da farko rigar lulluɓe ni take yi kamar buhu. Yanzu maɓallin ƙirji da ƙyar yake shiga, alhali ina nan siriri kamar tsinken tsintsiya. Baba ya ce ni nake kai ta wurin tela don in kunyata shi. Wallahi ban taɓa ta ba.

Ki gaida yara.
Ƙaninki, Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gano ɓarawon yadin. Na juya rigar ciki waje, sai ga ɗinkin hannu a hammata da gefe, ƙanana a jere, da ƙulli biyu a ƙarshe. Duk wandon makarantar da muka yaga, da wannan ƙullin ya dawo. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe duk shirun nan, Umma da allura take magana.

Jiya rigar ta ƙi wuce kafaɗata. Baba ya fusata, ya ce in faɗi telan ko in bar masa gidansa. Na ce ni ne na yi, don kada wutar ta koma kan Umma, na kuma ƙara da cewa ko rigar ta yi mini daidai ba zan sa ƙafa a makarantar likitanci ba. Har na juya zan haɗa kayana, sai Umma ta fito daga ɗaki, ta zare rigar daga hannuna, ta ninke ta a ƙirjinta. Ta ce wa Baba, "Ni ce telan. Ɗa ɗaya na ba ka, ka sa masa ita, a cikinta aka dawo mini da shi. Wannan ba zan bayar ba."

Ina nan a gidan, amma har yanzu Baba ba ya amsa gaisuwata. Ina tausayinsa, Yaya, shi ma ɗa ya rasa, amma ban fasa ba. Da safen nan na tafi gareji, na bar Umma tana zuba wa kekenta mai. Ta ce in kawo mata rigar aikina, aljihun ya yage.

Ki gaida kowa da kowa.
Naki har kullum, Auta