Katun ɗin da Alhaji ya bari a waya

Talata, 8 ga Yuli, 2025

Kwana ashirin da rasuwar Alhaji. Masu gaisuwa sun fara ja baya, gidan ya yi min faɗi. Takaba kuwa yanzu aka fara, sai ƙarshen Oktoba.

'Yata Bahijja ta zo daga Koki, ta buɗe min wayar babanta don in nemo lambar wani abokin kasuwarsa. Lambar ban same ta ba. Abin da na samu katun ne. Katun na Japan, kashi ashirin da huɗu, an sauke shi tsaf, an kalla har zuwa tsakiyar na goma sha bakwai. Na ce ko jikoki ne suka saka. Ta yi dariya ta ce Abba ne da kansa, ai kowa ya sani. Kowa ban da ni ke nan.

Tun bara, in ya dawo daga kasuwar Kurmi sai ya zauna a zaure ya toshe kunne har a kira magariba, ni kuma ina ta hana mutane hayaniya wai Alhaji na sauraron tafsiri. Ashe zanen yara yake kallo. Dattijo guda mai furfura, babban mai turare, wanda ake sa wa gaba a ɗaurin aure.

Laraba, 9 ga Yuli

Ƙaninsa Abdulbaqi ya ce za a yi rabon gado ranar Asabar bayan sadakar arba'in, kuma a tattara komai har waya, za a goge abin da ke ciki kafin a ba mai rabo. To. Ina da mako uku in gano abin da ke cikin shirmen nan da ya fi hirata daɗi. Shekara talatin da huɗu muna tare, ba zan yarda a goge amsar ban gan ta ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na kalli kashi na ɗaya da na biyu da hantsi. Japananci suke yi, fassarar Turanci na gudu a ƙasa. Yau koyarwar da na yi a firamare ta yi rana.

Sunan abin in an juya shi zuwa Hausa, Masu Tsaron Rijiya ta Bakwai. Wai wani gari ne mai rijiyoyi bakwai, dodanni na fitowa daga ciki suna cin mutane, kuma duk faɗin garin babu mai maganinsu sai wani ɗan sakandare mai shuɗin gashi, kamar an tsoma kansa a marinar Ƙofar Mata. An ɗaure masa wani dodo a cikin hannun hagu. Maraya ne, tun kafin a faɗa na sani. Babu wanda ya yi tunanin a samo marfi a rufe rijiyoyin a huta.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yaron nan mai shuɗin gashi, ni Shuɗi nake ce masa, kafin ya kai sara sai ya tsaya ya ƙwala sunan saran da ƙarfi. Dodon kuma ya tsaya cikin ladabi yana jira ya gama. Allah ya kyauta.

Laraba, 16 ga Yuli

Faɗa ɗaya tal, kashi uku aka yi ana yin sa. Rabin lokacin Shuɗi na tuna yarintarsa, ɗaya rabin dodon na yi masa bayanin duk makircin da ya ƙulla, dalla-dalla, kamar mai ba da darasi. In an kusa kashe yaron sai wani sabon ƙarfi ya faɗo masa daga sama, ba dalili, ba a taɓa ambatarsa ba. Jiya an ce in ya buɗe hannun hagun sau uku zai mutu. Na ƙirga, yau ya buɗe na biyar, yana nan daram.

Zanen ma ha'inci ne. Mutum zai yi minti guda yana magana, ba abin da ke motsi sai baki. Akwai wata yarinya a cikinsu da ba ta da aiki sai kuka da kiran sunan Shuɗi, ga kayan da aka sa mata, da alama yadi ya ƙare wa tela. Da ɗalibina ne ya kawo min wannan labari, uku bisa goma zan ba shi, shi ma don ya rubuta kwanan wata.

Ina kallo ina neman Alhaji a ciki, ban gan shi ba. Mutumin da in ya shinshina kwalba sau ɗaya zai gaya maka an yi wa turaren haɗi, shi ne bai gane jabu a nan ba?

Asabar, 19 ga Yuli

Maƙwabciyata 'Yardada ta faɗo ɗaki ba zato ana tsakiyar ihu a katun ɗin. Na kife wayar na ce talla ce. Ƙarya a cikin takaba, a kan katun. Astagfirullah.

Litinin, 21 ga Yuli

A kashi na tara aka kawo wata tsohuwa mai sayar da taliya. An zana ta da hanci kamar gauta, baki har kunne, kullum da ludayi a hannu. Ita kaɗai ce mai hankali a garin kaf. Ta dubi Shuɗi da abokansa ta ce duk taron banza ne, sun rushe rabin unguwa don kashe dodo ɗaya. Na ce madalla, ga wadda ta faɗi abin da ke raina. Sai dai masifarta ta yi yawa. Mijinta wani shiru-shiru ne mai share bakin rijiya, daga safe zuwa yamma tana kansa, shi kuma sai murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta.

Alhamis, 24 ga Yuli

Yau raina ya ɓaci, ɓaci na gaske.

Na nemi wayar Alhaji na rasa, sai na kira ta da tawa. Tana ƙarƙashin darduma. Na ɗauko tana ringin, ga sunan da ya sa min, Malama, a ƙarƙashin sunan kuma ga fuskar tsohuwa mai taliya ta cika gilashin. Wato duk kiran da na yi masa, wannan hancin yake gani kafin ya ce salamu alaikum. A kasuwa, a gaban mutane.

Ni ce mai masifa? In ban yi magana ba wa zai tuna masa maganin hawan jini, wa zai hana shi fita ba lema ana hadari? Ashe yana zaune a zaure yana yi min dariya, ni ina tsare masa ƙofa. Na yi kuka, kuma na haushi ne, kada ma in yaudari kaina. Abin da ya fi ciwo, babu wanda zan je in titsiye.

Na kira Bahijja. Ta rantse ba ta san da hoton ba. Ta ce, "Umma, ki daure ki kalla har inda ya tsaya." Na ce ko da kuɗi aka haɗa ni.

Abu ɗaya dai. A hoton babu ludayi, kuma bakinta a rufe yake. Ban taɓa ganin ta haka ba a duk inda na kalla.

Litinin, 28 ga Yuli

An yi sadakar arba'in. Waina ta isa kowa. Allah ya jiƙansa, ni dai har yanzu fushi nake da shi.

Talata, 29 ga Yuli

Na koma, don kawai in ga inda ya ciro hoton. Kashi huɗu a zaune ɗaya, har wuyana ya riƙe. An kashe wani dogo abokin Shuɗi da kiɗan tausayi da ruwan sama, kashi na gaba sai ga shi ya dawo wai tagwayensa ne aka kashe. Rainin hankali.

Laraba, 30 ga Yuli

Kashi na goma sha shida.

An lallasa yaran duka, sai tsohon nan mai shara ya ɗauki tsintsiyarsa zai tafi rijiya ta bakwai shi kaɗai. Ba a gaya mana me tsintsiya za ta yi wa dodo ba, ba a kuma damu ba. Matar ta bi shi har ƙofa tana zazzaga masa, wai ba shi da amfani, wai ko rigar sanyi bai iya tunawa da ita ba. Ya tafi bai waiwayo ba. Sai ta yi shiru. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan labule, tana bin sa da kallo. Daƙiƙa goma sha ɗaya hoton bai motsa ba, na ƙirga. Rowar zane ce, na sani. Amma shi ne hoton.

Na ajiye wayar.

Kullum da safe in na gama yi masa faɗan hula ko na magani ya fita, nakan bi shi a hankali har zaure, in tsaya bayan labule ina kallon bayansa har ya sha kwanar lungun masallaci. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Bahijja ba ta sani ba. Shekara talatin da huɗu bai waiwayo ba ko sau ɗaya, na ɗauka bai san ina wurin ba.

Ta yaya ya sani? Ƙarar labule ce, ko takalmina?

Alhamis, 31 ga Yuli

Na kai inda ya tsaya, minti na goma sha biyu a kashi na goma sha bakwai. Shuɗi na ta ihu kamar kullum, ba a nuna ko tsohon ya dawo gida ba. Ban wuce nan ba. Ba wani dalili, idona ne ke zafi.

Asabar, 2 ga Agusta

Sun zo bayan azahar, Abdulbaqi da malamin da zai yi rabon. Ni da Bahijja muna daga cikin ɗaki, suna tsakar gida. Da aka zo kan waya na ce a sa ta a cikin tumunina, kuma kada a goge komai.

Abdulbaqi ya ce, "Yaya, wannan tsohuwar wayar? Ai taki ta fi ta kyau."

Na ce tasa ta fi riƙe caji. Bahijja ta sunkuyar da kai, na yi kamar ban gani ba.

Ina nan a kan bakana, katun ɗin banza ne, babu wanda zan ce ya ɓata lokacinsa a kai. Bayan sun watse na kira lambar Alhaji, don in tabbatar layin na aiki. Na bar ta tana ringin a hannuna har ta katse da kanta.