Dogon Hancin Corsair

Lyon, Talata, 13 ga Nuwamba 2012

Na gaji. Yini guda ina fama da babin littafin karatunmu a kan Corsair, jirgin saman Yaƙin Duniya na Biyu mai sauka a kan jirgin ruwa. An sa masa ƙaton inji, hancinsa ya yi tsawo har matuƙi ba ya ganin wurin sauka. Dole ya zo a karkace, yana leƙe ta gefe.

Da magariba Inna ta kira daga Maradi: "Sani, in karatun nan ya ƙare, gida za ka dawo ko can za ka zauna?"

Na ce rezon waya ba kyau, alhali har kukan akuyarta ina ji.

Shi matuƙin ko ta gefe yana gani. Ni ta ko'ina na leƙa, ban ga masauki ba.