Saƙon Ranar Laraba

Litinin, 3 ga Maris

Injiniya ta tara mu da safe. Wai ranar Asabar za ta yi wa imel ɗin ɗakin gwajinmu gyara, ta ƙara masa tsaro. Daga nan kalmar sirri kaɗai ba za ta isa ba, sai da wata lamba da za ta riƙa shigowa waya. Shekara goma sha tara ina tura wa mutane sakamakon gwajin jini daga wannan kantar, ko ɗaya bai taɓa ɓata ba. Yarinya sa'ar ƙanwata ta zo da jakar baya tana koya mini rufe ƙofa. Na dai gyaɗa kai.

Laraba, 5 ga Maris

Layi har bakin matakala, fanka ta tsaya, wani jariri yana ta tsala ihu. Ana cikin haka saƙo ya shigo, da tambarinmu da komai: saboda gyaran Asabar, kowa ya tabbatar da kalmar sirrinsa kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba a rufe masa akwati. Na danna, na rubuta, na ci gaba da kiran mutane. Shafin ya yi fari bai ce komai ba. Har na ji haushin Injiniya, ita da rashin lissafin lokaci.

Alhamis, 6 ga Maris

Injiniya ta bi ofis-ofis tana faɗa cewa 'yan damfara sun ji labarin gyaran, suna turo saƙo da sunanta. Ita ba ta taɓa tambayar kowa kalmar sirri, kuma ba za ta fara ba. Duk wanda ya danna ya faɗa mata yau, ba faɗa ba tsawa. Da ta iso kantata ta ce, "Anti, ke dai na san ba sai na tambaye ki ba."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Bayan ta wuce na sauya kalmar sirrin da kaina. Ai shi ke nan ko?

Juma'a, 7 ga Maris

Ban faɗa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

An ɗaga gyaran, ɗan Injiniya na kwance a asibiti. Na sake buɗe saƙon a waya ina kallo. A adireshin akwai harafi ɗaya da ya yi yawa, ƙarami kamar ƙwayar gero. Yanzu da na gan shi, shi kaɗai nake gani.

Baban yara ya tambaya ko lafiya, don na zuba gishiri sau biyu. Na ce ciwon kai. Ya ce ciwon kan nan ya iya zaɓar ranar da yake gida.

Talata, 11 ga Maris

Wata malamar makaranta da ta yi gwaji makon jiya ta dawo. Ta jira har layi ya ƙare, sannan ta matso ta turo mini wayarta ta ƙasan gilashi. Saƙo ne da sunanmu, wai akwai kuskure a sakamakonta, ta danna ta biya a sake dubawa. An rubuta sunanta cikakke. An rubuta sunan gwajin. Irin gwajin da mace ke zuwa yi ita kaɗai, ta zauna can ƙarshen benci.

Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi ko mahaifiyarta ba ta sani ba, to wa kuma ya gani? Na ce za mu bincika. Bakina ne ya faɗa, ni ina can wani wuri.

Da yamma na ji Likita, mai wurin, ta bayan ƙofa yana yi wa Injiniya faɗa. Wai don me yake biyanta, da ta yi gyaran a kan lokaci da ba a kai nan ba, ƙarshen wata za su sake magana. Ta fito idonta ja, da robar abincin da za ta kai asibiti a hannu. Har ta ce mini sai da safe.

Laraba, 12 ga Maris

Na sami Injiniya a ɗan ɗakin nan mai wayoyi da sanyi. Na shirya magana mai tsawo tun a mota, amma abin da ya fito shi ne, "Ni ce. Na danna."

Ta ce, "Yaushe?"

"Larabar da ta wuce."

Sai ta jawo mini kujera ta buɗe akwatina. Ashe tun ranar farko 'yan damfarar sun saka wani umarni a ciki, duk abin da na tura sai kwafinsa ya tafi wurinsu. Sauya kalmar sirrin da na yi bai taɓa shi ba. Ta goge, ta fitar da duk wanda ke ciki, ta haɗa lambar da wayata. Minti goma bai cika ba.

Sakamakon mutum sittin da ɗaya ya faɗa hannunsu. Da na faɗa ranar Alhamis, da tara ne.

"Anti, kowa na iya dannawa," ta ce. "Makon nan ne ya yi mana ciwo."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na faɗa wa Likita da bakina, a gaban Injiniya. Takardar gargaɗi, kuma an ɗauke ni daga tura sakamako na wata uku. Bai ba ta haƙuri ba, amma ya daina maganar ƙarshen wata.

Ya so a tura wa mutanen saƙo guda a wuce wurin. Na roƙa a bar ni in kira su.

Asabar, 15 ga Maris

Na kira arba'in da huɗu zuwa yanzu. Wani tsoho ya yi mini addu'a, bai ma gane me nake cewa ba. Wani ya ce zai kai mu kotu. Malamar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta gode da na faɗi gaskiya, amma ba za ta sake zuwa wurinmu ba. Ban ga laifinta ba.

An yi gyaran yau. Na faɗa wa Baban yara komai. Bai yi wasan da na zata zai yi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Duk ƙarar shigowar saƙo sai gabana ya faɗi, ko a wayar wani ne.

Litinin, 24 ga Maris

Ba wani abu ba ne, don dai in rubuta. Da hantsi na liƙa sunan wani a kwalbar jinin wani. Na lura bayan an shiga da tiren. Babu wanda ya gani, ƙila ma da an gano a ciki. Kafin zuciyata ta fara kawo mini dalilai, sai na ga har na kai ƙofar ɗakin gwaji ina cewa a tsaya, na yi kuskure. Aka gyara, aka ci gaba da aiki. Ko ɗago kai mai gwajin bai yi ba sosai.

Na dawo na zauna. Mai lamba ta goma sha biyu ya matso, na karɓi takardarsa.