Ruwan Gishirin da ke Zuba a Shagon Madam Iveren

Anti Rahmatu, don Allah ki taimake ni, na ɗebo ruwan dafa kaina. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Lafia. Tun da na yi bautar ƙasa a Legas na kamu da son kifin teku. Shekara uku ina haɗa kaya, har na kafa akwatin gilashi a falona, da kifi biyar da murjani mai rai. E, Anti, mai rai, dangin wanda ake tsakiya da shi, har motsi yake. Ruwan ma ni nake haɗawa da wani gishiri da ake aiko mini daga Legas.

Irin wannan akwati yana buƙatar ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa, masu harkar na ce masa samp. Ruwa ya gangaro ciki, ya tacu, famfo ya mayar da shi sama. Na ce ni da nake koyar da kimiyya, wannan ne zai gagare ni? Mai gilashin taga ya yanka mini, na raba shi gida uku: soso a na farko, duwatsu a na tsakiya, famfo a na ƙarshe. Wallahi ya yi kyau. Na ɓoye shi cikin kabad, na cika shi da ruwa har baki, a tunanina yawan ruwa shi ne lafiyar kifi.

Ashe mutanen da na kalli bidiyonsu a intanet na kwaikwaya, ba a ɗauke musu wuta a ƙasarsu! Mu kuwa da an ɗauke, famfo ya tsaya, ruwan akwatin da ke sama ya juyo ta bututu, samp ya tumbatsa. Daga nan ya bi bayan kabad, ya shige wata tsaga kusa da banɗaki, ya sauka shagon da ke ƙasanmu, don a bene muke haya.

Mai shagon tela ce, Madam Iveren, mace mai kirki, duk zuwanta gida sai ta kawo mana lemo. Ta tara roba, ta ɗanɗana abin da ke ɗiga, ta ce ya fi gishirin da ake haƙowa a garin Keana. To ina Lafia, ina teku? Kuma ba ya zuba sai an ɗauke wuta. Nan take magana ta bazu wai asiri aka yi mata. Amare biyu sun kwashe ɗinkinsu, ita kuma ta ce ƙarshen wata za ta bar shagon da ta shekara tara a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Wakili, mai gyaran famfon da ya ja bututun gidan. Mai gidan da muke haya ya ɗora masa laifi. Sau uku bawan Allah yana fasa tayil a banɗakina yana neman inda ke yoyo, ni kuma ina tsaye ina haska masa tocila, har da girgiza kai. Yanzu mai gida ya janye aikin sabon gininsa na hanyar Shabu daga hannunsa.

Matata Raliya, wadda ke goge ruwan in ina makaranta, ta ba ni zuwa Juma'a, in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Tsorona kar mai gida ya ce in fitar da akwatin, don murjani ba ya son tashi, mutuwa zai yi. Yaya zan yi?

Mai Teku a Falo, Lafia

Malam Mai Teku, na yi dariya har na share hawaye, amma da na iso wajen tocila sai na daina. Son kifinka ba laifi ba ne, kuskuren samp ma kowa na iya yi. Shirun ne laifinka, kuma wasu ne ke ɗauke da shi.

Na tambayi wani mai irin harkar taka, ya ce gyaran bai kai ka hana kanka barci ba. Ba a cika samp. Ka rage ruwan sosai, ka kashe famfon da hannunka, ka tsaya har na sama ya gama saukowa. In ya tsaya da sauran tazarar yatsu huɗu daga baki, sai ka kunna, ka ja layi da alƙalamin maka inda ruwan ya zauna, kar ka ƙara wuce layin. Sannan a huda 'yar kafa a bututun da ke mayar da ruwa, dab da saman ruwan akwatin, ta yadda da ruwa ya ɗan sauka iska za ta shiga ta katse zuƙar. Ka riƙa goge ta, gishiri na toshe ta. Ka kuma nemi ƙaramin injin iska mai batir saboda kifin.

Saura mutane. Fara da Wakili, kai da ƙafarka, ka ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ku je wajen mai gida tare ka wanke shi da bakinka. Tayil da silin shagon Madam kai za ka gyara. Sannan ka hawo da Madam Iveren, ta ga kifin, ka kashe famfo a gabanta ta ga mai asirin nata da idonta. A unguwa ma kai za ka baza labarin, su yi maka dariya, amarenta su dawo.

Ba zan yi maka alkawarin mai gida zai bar akwatin ba. Amma wanda ya zo da gaskiya da gyara a hannu ya fi samun sassauci a kan wanda matarsa ta tona. Kar ka jira Juma'a, kuma ka gode wa Raliya.

Hudar bututun nan, ka roƙi Wakili ya yi maka ita. Ka riƙe masa tocila, wannan karon a inda ruwan ke fitowa.

Allah ya raya murjani, ya busar da silin Madam.

Anti Rahmatu