Kafen da Ya Haɗa Ni da Baban Nusaiba

Tanti Hajaratu, don Allah ki taimake ni, kofin kafe na neman raba ni da mata.

Ina aiki a shagon Moussa nan Tawa. Ni ke riƙe da injin kafe, wato gahawa, irin mai matso ruwan zafi ta cikin garin kafen, ya fito ɗan kaɗan, baƙi, da kumfa a sama. Espreso sunansa. Hannuna na da kyau, kowa ya sani. Abin da aka fi sani kuma tsokanata ce. Tun makarantar allo ba abokin da bai sha shayi mai gishiri daga hannuna ba.

To akwai Nusaiba, 'yar garin Affala, magana ta yi nisa tsakaninmu. Ranar kasuwa sai ga babanta, Malam Almustafa, a shagon. Mutumin shayi ne, bai taɓa shan na inji ba. Kin san a shayi kofin farko mai ƙarfi na manya ne, yawan ganye girmamawa ce. Sai na cika ɗan kwandon injin da gari har ya yi tozo, na danne iya ƙarfina. Injin ya yi ta nishi yana ɗiga da ƙyar. Malam ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, 'yan shago suka kwashe da dariya, sun ɗauka aikin nawa ne na kullum.

Don in gyara, na sake wani, na rage garin sosai. Ya zubo shaa, tsararo, ga tsami. Malam ya leƙa kofin, ya ce wa Moussa yanzu kuma an ba shi kofi na uku, na yara. Ya tashi abinsa. Kunyar suruki ta hana ni buɗe baki.

Yanzu ya ce ba zai ba mai wasa da manya 'yarsa ba. Tanti, ni na san gaskiyata, girma na ba shi. Yaya zan yi?

Mai Tsokana, Tawa

Ɗana Mai Tsokana,

Na yarda da niyyarka, amma kafe ba shayi ba ne. Kwandon nan yana da awonsa. In ka cika shi fiye da kima, ruwa ba ya samun hanya, ya fito da kauri da ɗaci mai kama maƙogwaro. In ka rage da yawa, ruwa ya wuce da gudu, ya fito salam. Tsaya a awon da ka saba, ka baje garin daidai, ka danne daidai. Abin da ka iya shi ya kamata ka ba baƙonka.

Malam Almustafa kuma bai zalunce ka ba. Ɗaci ya sha, dariya ya ji, kuma sunanka ya riga ka zuwa Affala. Kai ka gina sunan.

Kada ka aika Nusaiba. Ka roƙi Moussa da wani dattijon gidanku su je su faɗa masa yadda aka yi, su ba shi haƙuri, su gayyato shi ranar da shago ba 'yan kallo. Ka haɗa kofi biyu da awo ɗaya, ka fara shan naka a gabansa. Daga yau kuma ka bar gishiri a miya, ba a shayin mutane ba.

Allah ya daidaita ku, ya nuna mana bikin.

Tanti Hajaratu