Na Yi Wa Baba Tari A Gaban Likita

Assalamu alaikum jama'ar ƙungiyarmu ta Zango. Na roƙi Sakatare ya karanta muku wannan takarda a taro kada ya faɗi sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Mahaifina mai gasa tsire ne a wajen unguwar Dichemso. Tun bara yatsunsa biyu na hannun dama suka daina ji, ran nan garwashi ya ci masa ɗan yatsa bai sani ba sai da na ji ƙauri. Da kyar ya yarda muka je asibiti, ni ce tafinta tunda na yi firamare. A hanya ya ce idan likita ya ambaci kuturta sana'arsa ta mutu, ba mai sayen nama a hannunsa, ya sa na rantse zan rufa masa asiri.

Likita ya sa ya rufe ido, yana taɓa masa hannu da auduga, ya ce duk inda ya ji ya faɗa. Ni kuwa da na ga audugar ta sauka a matattun yatsun nan sai in yi tari, Baba ya ce ya ji. Sau huɗu na yi. Har nas ta kawo mini ruwa tana yi mini sannu, wallahi kunyar ruwan nan ba ta bar ni ba.

Likitan ya rikice, ya ce jijiyar gwiwar hannu ta yi kauri irin na kuturta amma ga shi mutum yana ji. Bai ba da magani ba, ya rubuta mu Ankara, babban birnin ƙasar nan, wata mai zuwa, wai akwai na'urar da ake ɗora wa mutum waya a gwiwa da wuyan hannu, a saki lantarki kaɗan a auna saurin da saƙo ke bi ta jijiya, ita ba ta tambayar mara lafiya komai.

To ga dokar nan ta korar baƙi marasa takarda, Baba haihuwar Nijar ne, lorin da zai mayar da su can zai tashi ran Asabar. Ƙauyen da za shi ko nas babu. Na ce masa mu koma in faɗa wa likita gaskiya ko a ba shi magani ya tafi da shi, ya ce in na karya rantsuwa bai yafe ba. Kwana uku ke nan ba ya amsa gaisuwata.

Jiya bayan la'asar carbi ya zame daga hannunsa, ya ci gaba da motsa yatsu yana ja, bai san ya faɗi ba. Na ɗauka na mayar masa.

Jama'a, in je wurin likitan ni kaɗai in yi kaffara, ko in yi shiru hannun ya ƙarasa mutuwa a can? Saura kwana biyu.